Akwati Na Bakwai

Ƙarfe takwas saura kwata na safe Babbar Likita ta gama ƙidaya akwatunanta a cikin rumfar jirage. Ta koma farko ta sake, tana dafa kowanne da yatsa. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Ina na bakwai?"

Sai ɗigar ruwan da aka kwana ana yi kake ji daga bakin kwano.

Kamfanin ƙarami ne, jiragensa uku, sana'arsa ɗaukar mutane ƙungiya-ƙungiya a shata: yau 'yan ƙwallo, gobe masu zuwa taro. Tafiyar yau ta likitocin ido ce, su goma sha shida, za su wani gari mai nisa inda mutum ɗari biyu ke jira a cire musu yana. Akwatunan aikinsu ashirin da huɗu ne, kowanne da lambarsa da jan fenti. Tun jiya da yamma aka auna su, aka jibge tare da jakunkunan tufafin matafiyan, aka lulluɓe da raga. A cikin na bakwai madubin aiki yake, na'urar da likita ke leƙawa ta ciki idan yana yi wa ido aiki. In babu shi, tafiyar ta zama yawon shan iska.

Manaja ya iso yana haki. Abu na farko da ya tambaya shi ne a duba kamara.

"Ta ƙofar baya wata takwas ke nan da mutuwa, ranka ya daɗe," in ji Sabuwa. "Sau uku ina rubuto maka."

Sabuwa ita ce ƙarama a sashen ciniki. Shekararta biyu a kamfanin, amma sunan ya ƙi barinta. Ita ta nemo likitocin nan, ta yi wata biyar tana binsu da waya da takarda har suka yarda, ita ce kuma ta sa hannu jiya cewa an karɓi kayansu cif.

Manaja ya harare ta. Babu abin da mai sakaci ya ƙi jini kamar wanda ya riga ya gaya masa.

Kafin kiftawar ido ma'aikata sun taru, kuma har sun gano ɓarawo. Wasu suka ce Dogo ne, shugaban masu loda kaya, tunda mabuɗi na hannunsa. Wasu suka ce ai yarinyar nan ma an ba ta mabuɗi saboda wannan tafiyar. Mabuɗi na uku kuwa, wanda ke rataye a kan ƙusa a bayan ƙofar Manaja, inda kowane ɗan aike ya san wurinsa, babu bakin da ya ambace shi. Ƙaramar katanga ita ce mai daɗin ƙetara.

Kyaftin, matuƙin jirgin, ya dubi agogo. "In ƙarfe ɗaya ta yi ba mu tashi ba, an fasa. Hadari yana rufe filin can da la'asar."

"Ƙarfe sha biyu zan kira 'yan sanda," in ji Manaja. "Wanda ya sa hannu a takardar karɓar kaya, shi zai bi su ya yi bayani."

Bai kalli Sabuwa ba. Kowa kuwa ita ya kalla.

*

Mutum ɗaya ne bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Duba-Ƙasa ake ce masa, tsohon da ke tsaron farfajiya da rana. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadin daji, yana bin sawun masu harbin namun da aka hana. A wurin da kowa ke tafiya kansa a sama, shi kullum nasa a ƙasa yake, shi ya sa sunan ya bi shi. Ana yi masa dariya. Sabuwa ce kaɗai ke tsayawa ta gaishe shi da sunan Baba, ta tambayi gwiwarsa.

Ya zagaya ƙofar baya. Tsakaninta da dandamalin ajiye motoci akwai 'yar hanya ta ƙasa, taku goma sha biyar, an jera bulo a tsakiyarta don takawa. Shekara huɗu ana cewa za a zuba mata siminti. Yau dai sakacin ya yi rana, domin ruwa ya jiƙa ƙasar ta yi laushi, ga sawun tayoyin amalanke nan biyu-biyu, na fita da na dawowa.

Ya durƙusa. Idonsa na hagu ya fara hazo tun bara, bai gaya wa kowa ba, don haka ya haɗa da hannu. Gefen sawun a tsaye yake, ɗigon ruwa bai farfasa shi ba. Ke nan bayan ruwa ya ɗauke aka bi, wajen ƙarfe shida. Babu sawun ƙafa, mai turawa kan bulo ya riƙa takawa. Taya ɗaya kuma tana jan ƙasa tana karkacewa. Sawun ya hau siminti ya ɓace.

"Kai ma laka za ka kwaso mini?"

Inna mai goge-goge ce tsaye da bokiti, ta riƙe ƙugu.

"Wa ya riga ni, Yaya?"

"Ina na sani? Na zo na tarar an shafa mini jar laka a bakin ɗakin baƙi, har kan darduma. Mutane da karatunsu, goge ƙafa ya gagare su. Na durƙusa na wanke, gwiwa kamar ba tawa ba."

"Allah ya ba da lada."

"Lada dai. Albashi fa?"

Ya yi dariya ya wuce.

*

Ya sami Dogo zaune a kan tayar tarakta, yaransa sun ja baya sun bar shi shi kaɗai.

"Baba, in ka zo tambaya ne, na shiga da asuba, ban ɓoye ba. Kwano yana yoyo ta kusurwa, na je na ja kayan gefe. Ban ƙirga ba. Wa zai ƙirga abin da ke cikin raga?"

"Ka kulle da ka fito?"

"Na kulle. 'Ya'yana huɗu, Baba. Me zan yi da madubi? In duba fuskar nan?"

"Amalankenku nawa?"

"Huɗu. Uku na aiki, sai gurguwa."

"Wace ce gurguwa?"

Dogo ya nuna wani amalanke da ke jingine kusa da ƙofar baya. "Tayarta ta gaba ta lanƙwashe. Ko yaron da ya zo jiya ba zai taɓa ta ba, sai ta karya maka baya. Na ce a gyara, an ce badi."

Duba-Ƙasa ya je ya shafa tayar. Laka ɗanya.

"Kwantar da hankalinka," ya ce. "Wanda ya yi wannan aikin bai san kayan aikinku ba. Wanda ya fi kusa da hannunsa ya ɗauka."

Dogo ya sauke ajiyar zuciya. Shi kuwa tsohon bai ji daɗi ba, don in ba mai loda kaya ba ne, to ɗan ofis ne. Ya wanke mutum ɗaya, ya ƙara ɗaure wadda ya zo kwancewa.

*

A barandar ofis ya ci karo da babban jami'in ciniki, wanda ake kira Ba-Matsala. Shekararsa goma sha bakwai a kamfanin, kuma ba a taɓa jin ya ce wa abokin ciniki a'a ba. Ka ce kana son jirgi ya tsaya a kan rufin gidanka, zai ce ba matsala, sauran kuma Allah ya kyauta. Rabin manyan kwastomomin kamfanin nasa ne, shi ya sa Manaja ke lallaɓa shi kamar ƙwai.

"Mutumina, mai bin sawu! An kama kurar?"

"Ana dai dubawa, yallaɓai. Ƙarfe nawa ka shigo?"

"Da wuri, kamar kowa. Ranar tafiya ce." Ya matso, ƙamshin turarensa ya cika wurin. "Ni ba na son cin naman yarinya. Amma makon jiya an gan ta a ofishin waɗancan na tsallaken titi, abokan gasarmu. In tafiyar nan ta lalace, wa likitoci za su koma wa? Kuma ka dubi bayan motarta, ya zauna. Ban ce komai ba fa."

Bai ce komai ba, amma kafin rabin sa'a maganar ta kai kunnen Manaja. Aka tsayar da Sabuwa a dandamalin motoci, a gaban masu shara da direbobi da likitoci biyu, aka ce ta buɗe bayan motarta. Ta buɗe. Ga wani ƙaton kwali. Wani daga baya ya ce, "Biri ya yi kama da mutum."

Manaja ya yage bakin kwalin da kansa. Baƙaƙen tabarau ne na roba, ɗari biyu, irin waɗanda ake sa wa wanda aka yi wa aikin ido don kada rana ta dame shi.

"Wani mai shago na roƙa ya ba da su kyauta," in ji ta. "Jiya da dare na karɓo. Na so in ba Likita a bakin jirgi, in Kyaftin ya yarda da kilo uku."

Wanda ya yi maganar biri ya sulale. Haƙuri kuwa, babu wanda ya ba ta. Manaja ya ce wannan bai wanke kowa ba, sha biyu tana nan.

*

Duba-Ƙasa ya bi ta ofis. Ta zauna ta zuba wa bango ido.

"'Yata, kin je wurin waɗancan?"

"Na je, Baba. Aiki suka yi mini tayi. Na ce su ba ni lokaci." Ta share ido da bayan hannu. "Ka san abin da ya kai ni? A nan in ka ce a gyara abu, sai a ce haka muka saba. Kamara, haka muka saba. Mabuɗi a kan ƙusa, haka muka saba. Wallahi kalmar nan ta fi gobara cin kamfani."

"Nuna mini yadda aikinki yake. Ni ƙofa kawai na sani."

Ta jawo wani fayil mai kauri. "Mutane suna zaton jirgi muke sayarwa. Jirgi kowa na da shi. Natsuwa muke sayarwa. Ka ga nan: wannan likitan yana tsoron tashi, na ba shi kujerar kusa da fiffike inda ba a jin girgiza. Wannan tana da ciki wata biyar, tana kusa da bayi. Waɗannan biyun ba sa ga maciji, na raba su." Ta buɗe wani shafi. "Ga kayan. Kowane akwati, abin da ke ciki, da wanda za a fara saukewa."

"Wa ke da irin wannan takardar?"

"Mai bayanin abin da ke ciki? Ni da Likita. Wadda aka manna a allon rumfa lamba ce kawai da nauyi."

"Na bakwai nawa ne?"

"Kilo hamsin da takwas."

"Da a ce dole a bar akwati ɗaya a ƙasa, wanne za ki bari?"

Ta dube shi da mamaki. "Na sha tara da na ashirin. Zannuwan gado ne da takardun wayar da kai. Ana iya aiki babu su. Me ya sa?"

"Tambaya ce kawai."

Ya fita ya nemi Kyaftin, ya same shi yana zagaya jirgi yana leƙa ƙarƙashin fiffike.

"Kaya kilo ɗari tara da arba'in, Baba, ko allura ba za ta ƙaru ba. Titin can gajere ne, ga shi na ƙasa. Jiya ma Ba-Matsala ya tambaye ni ko da sauran wuri, na ce babu. Shi kullum sai ya tambaya, ya zama masa gaisuwa."

Agogon rumfa ya nuna sha ɗaya saura minti ashirin.

*

Ya koma 'yar hanyar nan ta baya. Rana ta fara busar da gefenta. Wani abu yana damunsa tun safe, kamar ƙaya a tafin ƙafa, bai san ko mene ne ba. Ya kira Dogo.

"Tura mini gurguwa a nan gefe, babu komai a kanta."

Dogo ya tura, tana ƙara tana karkacewa. Tsohon ya durƙusa, ya zaro tsinken ashana ya tsoma a sabon sawun. Da ƙyar ya rufe kan ashanar. Ya tsoma a sawun fita na safe, ya nutse har rabi. Ya matsa ya tsoma a sawun dawowa.

Har rabi.

Ya daɗe a durƙushe. A daji, maharbi yakan shiga da sauƙi ya fito da nauyi. Ɓarawon gida kuma ya fita da nauyi ya dawo wayam. Amma wanda ya fita da nauyi ya dawo da nauyi, wannan ba ɗauka ya zo yi ba.

"Dogo, tara yaranka. A sake auna kayan nan kaf."

"Baba, Manaja bai ce ba."

"Manaja ya ce a gyara gurguwa badi. Auna."

Suka ɗora kaya a sikeli ɗaya bayan ɗaya, Kyaftin yana tarawa a takarda. Da aka gama ya dubi jimlar, ya sake tarawa, ya ɗago kai.

"Ɗari tara da talatin da tara."

"Akwati mai kilo hamsin da takwas ya ɓace," in ji Duba-Ƙasa, "amma kaya sun ragu da kilo ɗaya. Tun safe kowa na neman abin da ya ragu. Babu wanda ya nemi abin da ya ƙaru."

*

Sha biyu saura kwata ya roƙi Manaja ya tara mutane a ɗakin baƙi. Manaja ya so ya ƙi, Babbar Likita ta ce ita tana son ji. Aka taru: likitoci a kan kujeru da kofunan shayi, Sabuwa a tsaye jikin bango, Ba-Matsala yana zagayawa yana ba kowa haƙuri da murmushi, Inna a bakin ƙofa tana gadin dardumarta. Dogo ya shigo da baƙaƙen jakunkuna biyu ya dire a tsakiya.

"Ranki ya daɗe," in ji Duba-Ƙasa, "a cikinku wa ke da waɗannan?"

Likitoci suka dubi juna. Babu.

"A cikin kayanku aka same su, da takardar kamfani ɗaure a hannunsu. Nauyinsu hamsin da bakwai." Ya juya ga jama'a. "Ba sata aka yi ba, musanya aka yi. Wani yana da kayan da yake so su je garin nan yau. Jirgi ya cika. Sai ya tsaya gaban allo ya nemi akwatin da nauyinsa ya yi daidai da nasa, ya fitar da shi, ya sa nasa. In an loda, sikeli ba zai tona ba. Sai an sauka can a ga babu, a ce mantuwa ce, za a aiko gobe."

"Takardar ɗaura wa kaya a sashen ciniki take," in ji Manaja. "Su biyu ne ke da ita, babban jami'i da yarinyar nan." Ya dubi Sabuwa.

"Haka ne, ranka ya daɗe. To amma ita ta san cikin kowane akwati kamar tafin hannunta. Da ita ce, zannuwan gado za ta ajiye, babu wanda zai yi kuka sai bayan kwana uku. Wanda ya ɗauki na bakwai bai san abin da ya ɗauka ba. Lamba ya gani da kilo. Bai taɓa buɗe fayil ɗin mutanen nan ba."

Ba-Matsala ya yi 'yar dariya. "Mutumina, wannan ai tatsuniya ce."

"To a buɗe tatsuniyar."

Dogo ya zuge jaka. Kayan gyaran injin ban ruwa ne, sababbi, a naɗe cikin leda. A jikin kowace leda ga tambarin wani babban ɗan kasuwa mai gonaki a garin can, mutumin da duk kamfanin ya san shekara goma sha biyar ba ya kiran kowa sai Ba-Matsala.

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya nemi kujera ya zauna.

"Ina madubina?" in ji Likita. Muryarta ba ta tashi ba, amma kofuna sun daina ƙara.

Duba-Ƙasa bai jira amsa ba. "Akwatin ya fi ƙarfin bayan mota. Kuma Yaya ta ce an shafa mata laka a bakin ɗakin nan da sassafe. Yaya, tebur nawa ne a ɗakin nan?"

"Uku." Ta waiga tana ƙirgawa da leɓe. "La ilaha! Wannan na kusurwa fa, daga ina?"

Wani ɗan tebur ne an lulluɓe shi da farin ƙyalle har ƙasa, an ɗora masa tulun furanni, wani likita ma ya ajiye kofinsa a kai. Tsohon ya sauke furannin, ya miƙa wa likitan kofinsa, ya yaye ƙyallen. Ga lamba bakwai da jan fenti.

Ɗakin ya kaure. Likita ta durƙusa ta buɗe, ta duba, ta rufe ido ta yi hamdala.

"Injinsa ne ya tsaya, shukarsa na ƙonewa," in ji Ba-Matsala, kansa a sunkuye. "Ya kira ni, na ce ba matsala. Bakina ne ya riga ni. Na ɗauka magunguna ne ko takardu, gobe in aika da mota. Ai an saba yi, ba yau aka fara ba. Ban san za ta ƙirga ba."

"Wannan na ji," in ji Duba-Ƙasa. "Wanda ban ji ba shi ne na bayansa. Ka ga an tsayar da sa'ar 'yar cikinka a rana ana buɗe mata mota, kai ka nuna motar. Ka ga Dogo ya zauna kamar maraya. Awa huɗu kana da baki."



Manaja ya yi gyaran murya, ya shafa hannu. "To alhamdu lillahi, tunda abu ya fito, a bar maganar a cikin gida. Kuskure ne, kowa na yi. A loda kaya."

"A'a, ranka ya daɗe."

Sabuwa ce. Ta baro jikin bango.

"A gaban mutane aka kira Dogo ɓarawo, a gaban mutane za a ba shi haƙuri. Ni ban roƙi nawa ba. Amma yau za a cire mabuɗi daga kan ƙusa, a kira mai gyaran kamara. Kuma yallaɓai zai ɗauki waya yanzu, muna ji, ya gaya wa mutuminsa gaskiya. In ba haka ba, na tsallaken titi suna jiran amsata."

"Mu ma da ita za mu tsallaka," in ji Likita, tana mayar da tabarau. "Tafiya shida muke da ita a shekara."

Manaja ya dubi Likita, ya dubi Sabuwa. Ya juya ga Dogo ya ce a yafe masa, da farko ciki-ciki, sai Inna ta ce ita ba ta ji ba, ya sake da ƙarfi.

Ba-Matsala ya ciro waya. Ya danna lamba. Da aka ɗauka ya buɗe baki, kalmar da ya saba ta taso, ya danne ta.

"Ranka ya daɗe... akwai matsala. Ba zai yiwu ba. Jirgin na marasa lafiya ne, bai kamata in yi maka alkawari ba."

Aka ji murya tana faɗa daga can. Sabuwa ta yagi takarda ta yi rubutu da sauri ta tura masa. Ya karanta, ya dube ta, sannan ya ce a wayar, "Akwai motar kaya mai tashi ƙarfe biyu, gobe da hantsi tana can. Ni da kaina zan kai mata su." Faɗan ya lafa. Har aka yi sallama.

Ya ajiye wayar yana kallon Sabuwa kamar yau ya fara ganinta. "Bai tafi ba," ya ce a hankali.

"Ba sa tafiya don an ce musu a'a, yallaɓai," in ji Sabuwa. "Ƙarya ce ke korarsu."

Abin da kamfani zai yi da shi, Manaja ya ce sai an zauna. Wannan karon dai Sabuwa ta sa ya faɗi rana.

*

Ƙarfe ɗaya saura minti goma aka rufe cikin jirgi. Na bakwai Dogo ya ɗauka da hannunsa, bai yarda da amalanke ba. Kyaftin ya karɓi tabarau ɗari biyu, ya ce kilo uku a wuyansa, ya sauke jarkar ruwan wanke hannu ɗaya.

A gindin matakala Likita ta tsaya gaban Duba-Ƙasa.

"Baba, ɗago in gani."

"Lafiya lau nake, ranki ya daɗe."

"Na ga yadda kake karkata kai kana duba abu. Ɗago." Ta ja fatar idonsa na hagu da babban yatsa. "Tun yaushe?"

"Tun bara," ya ce, kamar yaron da aka kama.

"Kai ma haka ka saba, ko?" in ji Sabuwa daga bayansa.

Sai ya yi dariya.

"Ranar da muka dawo kai ne na farko a ƙarƙashin madubin nan," in ji Likita. "Minti ashirin ne. 'Yar nan, rubuta shi."

Sabuwa ta buɗe fayil ɗinta ta rubuta, har da cewa yana da ciwon gwiwa, a samo masa kujera mai tudu.

Jirgi ya yi gudu ya ɗaga. Duk farfajiyar aka ɗaga kai ana kallo. Duba-Ƙasa ya rufe idon hagu da tafin hannu ya bi shi da na dama har ya shige gajimare. Da ya sauke kai, sai ya hangi Manaja ya fito daga ofis da mabuɗi a hannu ɗaya, ƙusa a ɗayan, yana waige-waigen inda zai jefar da ita.

"Kawo nan, ranka ya daɗe," in ji Dogo. "Gurguwa na bukatar ƙusa."